Ruwan da Ido Ba Ya Gani

Duk ɗan Garuwa ya san rafi kan bushe a ido da rani, amma in an tona yashinsa sai a tarar da ruwa kwance. Akwai irin wannan ɓoyayyen ruwa a ƙarshen kudancin duniya, a nahiyar Antaktika, sai dai shi ƙanƙara ce ta rufe shi. Masana sun gano tafkuna fiye da 600 a ƙarƙashinta. Mafi girmansu, Vostok, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 250, kaurin ƙanƙarar da ta danne shi kuma ya kusa kilomita 4. Ɗumin da ke tasowa daga cikin ƙasa, da nauyin ƙanƙarar da ta zame masa bargo, su suka hana ruwan daskarewa.

Wasu daga cikin tafkunan kan cika su amayar. Ruwan sai ya ratsa tsakanin ƙanƙara da dutsen da take zaune a kai, ya haifar da santsi, kamar yadda laka ke kwashe ƙafar matafiyi da damina. Tsakanin 2005 da 2007, tafkuna biyu sun saki ruwansu a ƙarƙashin kogin ƙanƙara na Byrd, sai saurin gangarawarsa zuwa teku ya ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100.

Wani zai ce ina ruwanmu, mu da zafin Afrilu ke gasawa? Ai abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ƙanƙarar da ta zame daga tudu ta faɗa teku tana ɗaga ruwansa, Duwala kuwa a bakin ruwa take. Ta tasharta hajar kasuwanninmu ke shigowa, 'yan uwanmu kuma suna zaune a unguwar New Bell. Mu ma nan mun ga abin da ruwan da ya taru ke yi in an sake shi: mutanen bakin Binuwai ba su manta da ambaliyar 2012 ba, lokacin da aka buɗe ƙofofin madatsar Lagdo.

A ganina, bai kamata mu bar ilimin ruwa a hannun baƙi kaɗai ba. Mu ƙarfafa 'ya'yanmu su karanci ruwa da ƙasa kamar yadda muke tura su likitanci da kasuwanci, mu kuma riƙa tattauna shi da Hausa a zaurukanmu. Al'ummar da ke zaune a bakin kogi tana bukatar 'ya'yanta da suka iya auna ruwa tun bai iso ƙofar gida ba.