Sharhi: Sankarar tafin ƙafa da gwaje-gwajen da ke nuna makomar majinyaci a ƙasar Katagum

A ƙasashen Turai, sankarar fata da likitoci ke kira melanoma tana yawan fitowa ne a sassan jikin da rana ke duka. A tsakanin baƙar fata kuwa, nau'in da aka fi gani shi ne wanda ke tsirowa a tafin ƙafa, ko tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Irinsa ne ya yi ajalin mawaƙin Jamaika, Bob Marley, a 1981, yana da shekara 36, bayan ya fara masa a yatsan ƙafa.

Ga manomin fadamar kogin Jama'are da ya saba da kaushi da faso, baƙin tabo a diddige ba abin damuwa ba ne. Sau da yawa sai tabon ya fashe ya zama gyambo, an gaji da ɗaura magani a gida, sannan a nufi Azare.

Da isar majinyaci asibiti, akwai alamomin da ke nuna wa likita inda cutar ta dosa. Na farko shi ne kaurin ƙarin, ma'aunin da Alexander Breslow ya fito da shi a 1970. Ƙarin da bai wuce milimita 1 ba galibi tiyata ke raba shi da mai shi. Wanda ya haura milimita 4 kuwa haɗarin bazuwarsa babba ne. Na biyu, ko fatar da ke kansa ta fashe. Na uku, ko cutar ta kai ga kaluluwa. Idan ta bazu, hauhawar sinadarin LDH a jini na nuna ta yi tsanani.

Sai kuma gwajin ƙwayoyin halitta. Kusan rabin masu nau'in da rana ke haddasawa suna da sauyin da ake kira BRAF, wanda aka samar wa magunguna na musamman. A nau'in tafin ƙafa wannan sauyi bai cika yawa ba, kuma akasarin binciken da aka gina magungunan a kansa an yi shi ne a kan Turawa. Ke nan ana auna ɗan Katagum da mudun da ba a ƙera don shi ba.

A nan ne Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a Azare a 2021 ke da rawar takawa. Ma'aunin Breslow ba ya buƙatar na'ura mai tsada, illa ƙwararren mai duba tsoka da ɗakin gwaji mai aiki. Idan kowane sakamako ya ƙunshi kaurin ƙarin, aka kuma bibiyi majinyata bayan tiyata, yankin zai mallaki alƙaluman kansa, waɗanda cibiyar binciken cutar daji ta ƙasa, NICRAT, za ta iya dogara da su.

Akwai kuma batun kuɗi. Asusun tallafa wa masu cutar daji da Gwamnatin Tarayya ta soma a 2021 ya fara ne da sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsara ta maza, kuma Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ne aka ware wa Arewa maso Gabas. Sankarar fata ba ta cikin wannan rukuni na farko.

Kafin a kai ga faɗaɗa asusun, matakin da ya fi araha shi ne horar da ma'aikatan ɗakunan shan magani na karkara da wanzamai, su riƙa tura duk mai baƙin tabon da ke girma ko zubar da jini zuwa asibiti tun yana siriri.