Ra'ayinmu: Bakwaini na jiran magani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin ciki ya cika mako 37, kuma Najeriya ce ta uku bayan Indiya da Pakistan. Ana haka, a 2023 Amurka ta janye Makena, maganin hana haihuwar bakwaini ɗaya tilo da ta amince da shi, domin gwaji bai nuna amfaninsa ba. Kamfanoni na ɗari-ɗari da gwaji kan masu juna biyu, shi ya sa bincike ke tafiyar hawainiya. Wajibi ne gwamnatoci su zuba kuɗi. Kafin nan, a wadata asibitocinmu da allurar dexamethasone mai araha, wadda ke ƙarfafa huhun ɗan tayi.