Ambaliya daga tudu take farawa

A damanar shekara ta 2024, ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a ƙasar Nijar. Bisa ga lissafin hukuma, fiye da mutum 300 suka rasu, kuma abin ya shafi mutum fiye da miliyan 1. A Damagaram, tsohon masallacin ƙasa na unguwar Birni ya rushe a farkon watan Satumba. Har komawar yara makaranta sai da aka ɗage zuwa ranar 28 ga Oktoba.

An yi ruwa da yawa a wannan shekara, babu shakka. To amma yawan ruwa ba shi kaɗai ba ne dalili. A wurare da dama ƙasa ce ta daina shan ruwa. Domin mu fahimci haka, sai mu duba yadda ƙasar noma take samuwa, da yadda take tafiya.

Daga ina ƙasar noma take fitowa?

Asalin ƙasa dutse ne. Da rana dutse yana ɗaukar zafi, da dare kuma ya huce. A kwana a tashi sai ya tsage. Ruwa ya shiga tsagar, saiwar itace ta bi, dutsen ya yi ta marmashewa har ya koma tsakuwa, da yashi, da yumɓu. Manyan duwatsun nan mulmulallu na cikin garin Damagaram, haka aka yi suka mulmule. Idan ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suka gauraya da wannan marmashi, sai a sami ƙasar noma. Aikin yana da jinkiri ƙwarai: ana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin a sami kaurin yatsa guda.

Yaya take tafiya?

Ruwa da iska su ne suke kwashe ƙasa daga wani wuri su zuba ta a wani. Wannan shi ake kira zaizayar ƙasa, kuma ba yau ta fara ba. Ita ce ta fafe kwarurrukan Adar, kamar na Keita da na Majiya, ta bar tuddai masu marmara a kansu. Abin da ya canza shi ne saurinta.

Bayan farin 1973 da na 1984, itatuwa da yawa sun mutu. Jama'a ta ƙaru, an sassabe dazuzzuka, an rage hutar da gonaki. Idan ɗigon ruwa ya faɗo a kan ƙasar da ba ta da ciyawa ko ganye, yakan daddaka ta, ta yi ɓawo mai tauri. Wurin ya zama faƙo. Ruwa ba ya iya nutsewa, sai ya gudu, ya ɗauki ƙasa mai kyau ya tafi da ita. Ƙaramar hanyar ruwa ta zama rami, rami ya zama kwazazzabo mai cin gona da hanya.

Da rani kuma iska takan share saman gonar da aka bari tsirara. A yankunan Gure da Maine Sorowa, tulin rairayi yana gangarowa cikin kwarurrukan da ake noman dabino da rogo.

Hasara biyu a lokaci guda

Ruwan da ya gudu daga tudu, manomin tudu ya yi hasararsa: hatsinsa yana bushewa ko da an yi damana mai kyau. Wannan ruwan kuma shi ne yake taruwa ya faɗa wa mutanen kwari da na gari, ɗauke da yashin da yake cike tabkuna da gulabe.

Ana ganin haka a Yamai. A watannin Agusta da Satumba kogin Isa yakan yi ja, saboda ƙasar da rassansa irin su Sirba suke kawowa. Masana sun lura cewa ruwan da yake gangarowa daga waɗannan rassa ya ƙaru bayan shekarun fari. A Satumban 2020 tsawon ruwan kogin a Yamai ya kai mita 7, ya shiga unguwannin bakin kogi da gonakin shinkafa.

Abin da aka gwada ya yi amfani

Maganin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya domin tare iska. A 1984 aka buɗe babban aikin Keita tare da taimakon ƙasar Italiya. Mutanen karkara, yawancinsu mata, suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka a gangaren tuddai, suka dasa miliyoyin itatuwa. A yankin Illela, manoma sun raya faƙo da tassa, wato ƙananan ramukan da ake zuba wa taki su riƙe ruwa. A jihohin Maraɗi da Damagaram kuwa, sassaben zamani ya yaɗu: manomi yana barin tohon gawo, ko kalgo, ko sabara, yana gyara shi har ya zama itace. An ƙiyasta cewa wannan dabara ta maido da itatuwa a fili kimanin hekta miliyan 5.

Ina matsalar take?

Matsalar tana wurare uku. Na farko, ba a cika tunawa da ruwa ba sai ya shigo gari, alhali aikin tare shi a tudu yake, kuma da rani ake yin sa. Na biyu, wasu ayyuka sukan lalace bayan masu taimako sun tafi, domin ba a sa wanda zai kula da su ba. Na uku, idan ba a san mai fili ba, babu mai zuba guminsa a kansa, kuma ranar da filin ya gyaru rigima takan tashi. Shi ya sa ya kamata a daidaita da maigari, da makiyaya, da hukumar kula da filaye, a kuma rubuta takarda tun kafin a fara.

Shawara ga mai karatu

Bayan girbi, a bar wani kaso na kara a shimfiɗe a gona. A bar tohon itace lokacin sassabe. A haƙa tassa ko rabin wata a faƙo kafin saukar damana. A toshe ƙaramin rami da duwatsu tun bai fi ƙarfin mutum ba, kuma a fara daga sama inda ruwa yake tasowa. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A tattauna wannan tambaya a ajin yaƙi da jahilci: ruwan da yake shigowa garinmu, daga wane tudu yake fitowa, kuma su wa za mu haɗa hannu da su mu tare shi a can?