FIM ƊIN TALAASH: SHIN MAMACI YANA AIKO DA WASIƘA?

Duk matashin da ya taso tsakanin Mahuta, Funtua da Malumfashi ya san matsayin fim ɗin Indiya a majalisar samari. To amma akwai wanda bai kamata a kalle shi a tashi haka nan ba, wato Talaash na shekarar 2012, wanda Reema Kagti ta ba da umarni.

Aamir Khan ya fito a sufeton 'yan sanda a Mumbai, wanda ɗansa Karan ya nutse a ruwa. Uban ya daina barci, yana ganin sakacinsa ne. Uwar kuwa, Rani Mukerji, sai ta koma wajen wata maƙwabciya mai da'awar rubuto saƙon matattu. Ana cikin haka wata mace mai suna Rosie ta riƙa taimaka wa sufeton a bincikensa cikin dare, daga baya ta bayyana cewa ta mutu shekara 3 da suka wuce.

Wasu za su ce fatalwa ce, wasu su ce rashin barci ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Masu fassara ta biyu suna son wanke fim ɗin ne kawai, alhali ƙarshensa ya ƙaryata su: mutumin ya tono ƙasusuwanta a inda ta nuna masa, sannan ya karanta wasiƙar "ɗansa" ya sami natsuwa. Lalle fim ɗin ya goyi bayan mai kiran matattun.

Nan ne Musulmi zai ja daga. Ayoyi na 99 da 100 na Suratul Muminun sun nuna cewa mamaci yana Barzahu, ba komowa. Mai cewa ya kira shi, ko maƙaryaci ne ko aljani ke wasa da shi, ko a Mumbai yake ko a ɗakin bori. Kuma Muslim ya ruwaito cewa mai zuwa tambayar boka ba a karɓar sallarsa kwana 40.

Sai dai a yi adalci, fim ɗin ya gane ciwon. Uban da yaronsa ya faɗa kududdufi da damina, lokacin yana gona, ana ce masa "sai haƙuri" kwana uku a watse. Daga nan ba mai sake tambayarsa. Shi ba ya magana da matarsa, ita ba ta da wajen kai kuka, sai boka ya samu ƙofa. Alhali Manzon Allah (SAW) da kansa ya zubar da hawaye ranar rasuwar ɗansa Ibrahim a Madina, a gaban Sahabbai.

Ga kuma Rosie, wadda ta mutu ba a yi mata sutura ba. A yankin da 'yan bindiga suka kashe mutane a daji ba a ga gawarsu ba, akwai gidajen da ba su da ko kabarin da za su ziyarta. Samarin da ke gardamar fatalwa a majalisa sun san ƙofar waɗannan gidaje ɗaya bayan ɗaya.