Manjo Talbot Papineau, Hafsan da Ya So Ɗinke Kanada Daga Ramin Yaƙi

 Sharhinmu na yau zai kai mu Beljiyam a shekarar 1917, inda wani hafsan sojan ƙasa na Kanada, Manjo Talbot Papineau, ya gamu da ajalinsa yana da shekara 34. Hafsoshi irinsa da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ci ba su ƙirguwa. Abin da ya sa har yau ake ambatonsa shi ne wata wasiƙa da ya rubuto gida daga fagen daga, da gardamar da ta tayar: shin jinin da 'yan ƙasa ɗaya suka zubar tare a ƙasar wani yana ɗinke ɓarakar da suka baro a gida?

Papineau ba ƙaramin suna ba ne a lardin Kebek, inda galibin jama'a Faransanci suke yi. Kakan mahaifinsa, Louis-Joseph Papineau, shi ne jagoran masu boren da aka yi wa mulkin Ingila a 1837. Shi kuwa Talbot, da aka haifa a Montebello a 1883, uwarsa Ba'amurkiya ce 'yar Philadelphia, kuma da Turanci ta rene shi, a ɗariƙar Furotesta, alhali mutanen lardin yawancinsu Katolika ne. Ya yi karatu a Jami'ar McGill, ya wuce Oxford da tallafin Rhodes, ya dawo ya zama lauya a Montreal. Ku riƙe wannan tashin nasa, don da shi za a yi masa gori nan gaba.

A watan Agusta na 1914 ba a nemi shawarar Kanada ba. Birtaniya na shiga yaƙi da Jamus, ita ma ta shiga, don haka tsarin daular yake. Wani attajirin Montreal, Hamilton Gault, ya zuba dala 100,000 daga aljihunsa aka kafa bataliya, aka raɗa mata sunan Gimbiya Patricia, 'yar Gwamna Janar na lokacin. Mafi yawan mutanenta tsofaffin sojojin Ingila ne da suka yi ƙaura zuwa Kanada. Papineau bai taɓa jin ƙarar igwa ba, amma aka ɗauke shi laftana, kuma kafin shekarar ta ƙare suna Faransa.

Bai daɗe ba ya nuna ba suna kaɗai ya kawo ba. A daren ƙarshen Fabrairu na 1915, kusa da St. Eloi, yana cikin waɗanda suka lallaɓa cikin duhu suka auka wa ramin Jamusawa, shi ne riƙe da masu jifa da gurneti. Wannan hari ya ba shi lambar yabo ta Military Cross, yana cikin 'yan Kanada na farko da suka same ta. Ranar 8 ga Mayu kuma, a Frezenberg, igwar Jamus ta yini tana ruwan wuta a kan bataliyar. Da aka janye su, hafsoshi huɗu da sojoji wajen 150 suka rage a tsaye. Papineau na cikinsu.

A 1916 aka mai da shi hedikwata, aka ba shi tebur da alƙalami, yana rubuta rahotannin yaƙi ƙarƙashin ofishin Max Aitken, wanda daga baya ya zama Lord Beaverbrook. A wannan shekarar ya rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Henri Bourassa, mai jaridar Le Devoir, wanda babu muryar da ta kai tasa ƙarfi wajen adawa da tura 'yan Kanada yaƙin Turai. Ba baƙi ba ne. Bourassa jikan wancan Louis-Joseph ɗin ne ta wajen uwa, wato taubashin mahaifin Talbot, kuma ya girme shi da shekara 15. A lissafin zumunta irin namu uba ne gare shi. Ɗa ne ke nan ya ja uba gaban jama'a.

Hujjar Papineau ita ce, ana haihuwar sabuwar ƙasa a ramukan yaƙi na yankin Flanders, inda mai jin Turanci da mai jin Faransanci ke kwana cikin taɓo ɗaya, suna mutuwa kafaɗa da kafaɗa. Idan mutanen Kebek suka noƙe, in ji shi, ranar da sojoji suka dawo gida ba za su manta ba, kuma masu jin Faransanci za su rasa bakin neman haƙƙinsu. Har ya tuna masa cewa Faransa, tushen harshensu, ita ce ke cikin wuta.

Bourassa ya mayar da martani a watan Agusta, kuma bai yi sanya ba. Ya nuna shakkar cewa Talbot ne ma ya rubuta wasiƙar, ya kuma taɓo cewa mutumin da ya tashi cikin wani harshe da wata ɗariƙa ba shi da hurumin magana da yawun Kebek. Wannan gori ne, kuma a ganina ya rage masa daraja. Sauran hujjojinsa kuwa ba sa turuwa. Kusan kashi biyu cikin uku na rundunar farko da Kanada ta aika haifaffun Birtaniya ne, mutanen da iyaye da ƙannensu ke can. Manomin Kebek kuwa kakanninsa sun fi shekara 200 a wannan ƙasa, ba shi da wata, kuma Faransa ta saki hannunsu tun 1763. Ga kuma abin da ke ci wa Bourassa rai tun kafin yaƙi: a 1912 lardin Ontario ya kafa dokar da ta taƙaita koyarwa da Faransanci a makarantu. Ta yaya za a ce mutum ya ƙetare teku ya kare 'yancin Beljiyam, alhali ana hana ɗansa karatu da harshen uwarsa a lardin maƙwabta? Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa.

Akwai abu guda da masu suka ba su iya ƙwace wa Papineau ba. Da ya ga dama da ya ƙarasa yaƙin a bayan tebur, da lambar yabonsa a ƙirji, ya koma gida ya shiga siyasa, abin da kowa ya san yana so. A tsakiyar 1917 ya matsa aka mai da shi bataliyarsa, ya karɓi kamfani guda. Wasu sun ce lissafin siyasa ne, wai mai neman ƙuri'ar tsofaffin sojoji ba ya zama a ofis. Wataƙila da hakan a ciki. Amma wanda ya tsira daga Frezenberg ya san abin da yake komawa.

Inda aka tura su shi ne Passchendaele, ƙauye a kan ɗan tudu gabas da garin Ypres. Tun ƙarshen Yuli sojojin Birtaniya ke neman kai masa. Igwa ta farfasa magudanan ruwan yankin, ruwan sama ya zuba a kai, fili ya zama kamar fadamar da shanu suka tattake a tsakiyar damina. A kan katakan da aka shimfiɗa ake tafiya, wanda ƙafarsa ta zame da kaya a baya yana iya nutsewa a ramin da harsashin igwa ya haƙa. Kwamandan rundunar Kanada, Janar Arthur Currie, ya duba wurin ya ce zai ci mutum 16,000 tsakanin matattu da masu rauni, kuma bai cancanci haka ba. Aka ce ya je, ya je. Adadin da aka samu a ƙarshe ya haura 15,600. A wannan watan na Oktoba ne kuma sojojin Najeriya, ƙarƙashin tutar sarki guda, suke zubar da nasu jinin a Mahiwa, can Gabashin Afirka, su ma ba a tambaye su ba.

Da asubar 30 ga Oktoba bataliyar Patricia ta fito daga rami. An ruwaito cewa Papineau ya juya ya gaya wa abokinsa Manjo Hugh Niven cewa wannan fitar kashe kai ce. Bai yi nisa ba harsashin igwa ya same shi. Ba shi da kabari sananne. Sunansa na jikin Ƙofar Menin a Ypres, cikin sunaye sama da 54,000 na waɗanda ƙasa ta haɗiye. An kama ƙauyen Passchendaele a farkon Nuwamba, aka kuma bar wa Jamusawa shi a watan Afrilu na 1918.

Tun daga lokacin ake kiran Papineau firaministan da Kanada ta yi asara, har Justin Trudeau ya fito a matsayinsa a wani shirin talbijin na 2007, kafin shi ya hau kujerar. Yabon matacci ba shi da tsada, don ba a gwada shi da mulki ba. Abin da za a iya gwadawa shi ne hasashensa, kuma rabi ya ci. Gaskiya ne yaƙin ya ɗaga sunan Kanada a idon duniya, ƙasar da ba ta kai mutum miliyan takwas ba ta rasa sama da 60,000. Gaskiya ne kuma an riƙe Kebek a zuci kamar yadda ya yi gargaɗi. Ɗinkin da ya yi fata ne bai samu ba. Wata biyu kafin rasuwarsa gwamnatin Robert Borden ta kafa dokar tilasta shiga soja. A zaɓen Disamba na 1917 ta yi rinjaye a ƙasa, amma Kebek ta ba 'yan adawa kujeru 62 cikin 65. Lokacin bikin Ista na 1918 tarzoma ta ɓarke a birnin Kebek, sojojin Kanada suka buɗe wuta, fararen hula huɗu suka mutu. Da aka sake tambayar jama'a kan wannan tilas ɗin a ƙuri'ar raba gardama ta 1942, ana tsakiyar wani yaƙin, sauran larduna suka ce e, Kebek ta ce a'a da sama da kashi 70 cikin ɗari.