Sharhi: Digirin Ma'aikaci da Darasin Makarantar Zaure

Karatun digiri daga nesa tsari ne da jami'a ke ɗauke wa ɗalibi wajibcin zama a aji, ta miƙa masa darussa a rubuce, ko ta rediyo, ko ta intanet, ta bar masa zaɓin sa'ar da zai zauna ya karanta da yawan darussan da zai ɗauka a kowane zango, sannan ta kira shi jarrabawa idan lokacinta ya yi. An tsara shi ne domin mutumin da rayuwa ta riga ta ɗora wa nauyi, kamar malamin firamare da ya daɗe riƙe da takardar NCE yana kallon na bayansa suna wuce shi a matakin albashi, ko ma'aikaciyar jinya da aikin dare ya hana ta bin jadawalin lacca, ko ɗan sanda da ba shi da tabbacin garin da za a kai shi baɗi, ko matar aure da haihuwa da raino suka katse wa karatu alhali burinsa bai fita daga ranta ba. Ga irin waɗannan mutane, barin aiki shekara huɗu domin komawa makaranta daidai yake da kife tukunyar gida, saboda haka ko dai jami'a ta iske su inda suke, ko kuma su haƙura da digiri har abada.

Wannan tsari ya girmi intanet da shekara fiye da ɗari. A 1858 Jami'ar Landan ta sami izinin ba da digiri ga duk wanda ya ci jarrabawarta, ko da bai taɓa taka ɗaya daga cikin kwalejojinta ba, kuma ta wannan ƙofa ce wasu 'yan Afirka ta Yamma suka sami digiri suna zaune a garuruwansu tun kafin a buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948. Abin lura shi ne, a wancan zamani manhaja kawai jami'ar ke ba irin waɗannan ɗalibai, wato jerin abubuwan da za a yi jarrabawa a kansu, ba ta koyar da su. Gurbin koyarwar sai wasu makarantu masu zaman kansu suka cike shi, irin su Wolsey Hall ta birnin Oxford, waɗanda ke aiko da darasi ta gidan waya, ɗalibi ya amsa tambayoyi ya mayar, malami ya gyara a sake aiko masa, kowace tafiya tana cin makonni a jirgin ruwa. Tun daga nan aka gane cewa mai karatu shi kaɗai yana ƙishirwar wanda zai duba aikinsa, har yakan yarda ya biya kuɗi, ya kuma yi doguwar jira, domin kawai ya ga gyaran malamin da bai taɓa sa wa ido ba.

A 1946 Jami'ar Afirka ta Kudu, wadda aka fi sani da UNISA, ta rungumi koyarwa ta hanyar wasiƙa, kuma daga gare ta ne Nelson Mandela ya karɓi digirinsa na shari'a a 1989 yana tsare. Amma babban sauyin a Ingila ya faru. Harold Wilson, wanda daga baya ya zama firaministan Birtaniya, ya kawo shawarar kafa jami'ar da za ta riƙa koyarwa ta rediyo da talbijin a 1963, ministarsa Jennie Lee ta tsaya kai da fata har aka kafa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Birtaniya a 1969, ta kuma fara karatu a 1971 da ɗalibai kusan 25,000, tana watsa darussa ta tashoshin BBC. Ana kiran ta buɗaɗɗiya ne domin ba ta neman takardar sakandare kafin ta ɗauki mutum a mafi yawan darussan digirin farko. Jama'a sun fi tunawa da laccocin talbijin, amma ginshiƙin jami'ar shi ne malamin da aka haɗa da kowane ƙaramin rukuni na ɗalibai, wanda ke karanta aikin kowa, ya rubuta masa gyara dalla-dalla, ya kuma neme shi idan ya ji shiru.

A Nijeriya, Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, shekarar da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, ta daɗe tana ɗaga darajar malaman makaranta ba tare da ta raba su da azuzuwansu ba. Ita kuwa Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, NOUN, an kafa ta a 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a farkon mulkin farar hula na Olusegun Obasanjo aka farfaɗo da ita, shi kansa kuma daga baya ya zama ɗalibinta har ya kai ga digirin digirgir a fannin ilimin addinin Kirista. Hedkwatarta tana Jabi a Abuja, tana da cibiyoyin karatu a jihohi, har da cikin wasu gidajen gyaran hali, kuma Farfesa Abdalla Uba Adamu na Kano ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021.

Sai dai mai sauraro a ƙasar Hausa ba ya bukatar a kai shi Ingila kafin ya fahimci karatun da kowa ke tafiya gwargwadon ƙarfinsa, domin makarantun ilimi na zaure a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato da Damagaram sun shafe ƙarnoni a kan wannan turba. A zauren malami babu aji ɗaya babu aji biyu. Bayan sallar asuba, ko bayan la'asar, magidanta kan taru kowa da littafinsa, wannan yana Ahalari, wancan yana Iziyya, wani ya kai Risala, wani dattijo kuma ya daɗe yana fama da Muhtasar. Idan layi ya zo kan mutum sai ya matso gaban buzun malam ya buɗe inda ya tsaya jiya, ya karanta Larabcin gaɓa-gaɓa malam yana fassara masa da Hausa, har zuwa inda malam ya ga ya isa a ɗauka a rana ɗaya, sai ya ja da baya na kusa da shi ya matso. Ɗan kasuwar da fatauci ya ɗauke shi wata uku, idan ya dawo ba a ce shekara ta wuce shi ba, daga layin da ya tsaya zai ɗora. Mai kaifin ƙwaƙwalwa ya sauke littafi da wuri, mai nawa ya ɗauki lokacinsa, ba wanda ke jiran wani.

Abin da ya riƙe wannan tsari har ya fitar da manyan malamai da alƙalai shi ne ɗalibi yana da 'yancin tafiya yadda ya ga zai iya, amma ba a taɓa barin sa shi kaɗai da littafi ba. Malam ya san shi, ya san mahaifinsa, ya san inda harshensa ke sarƙewa. Idan ya yi fashin kwana uku za a tambayi lafiyarsa, wataƙila ma a tura yaro gidansa. Yayin da yake jiran layi yana jin karatun na gaba da shi, don haka littafin da zai shiga baɗi ya riga ya ratsa kunnensa, kuma bayan an tashi akwai abokan karatu da za su zauna su yi bita tare. Kunyar idon malam da ta 'yan'uwa ɗalibai kaɗai ta isa ta tayar da mutum daga shimfiɗa a sanyin hunturu.

Wannan ɓangare ne karatun nesa na zamani ya fi saurin zubarwa, domin shi ne mafi tsada. Ɗora littafi a intanet sau ɗaya ake biyan kuɗinsa, ko mutum ɗari suka karanta ko dubu ɗari, amma malamin da zai karanta aikin ɗalibi ya amsa tambayarsa, kuɗinsa ƙaruwa yake da ƙaruwar ɗalibai. Masanin ilimi Michael Moore ya yi bayanin cewa nisan da ke cutar da ɗalibi ba da mil ake auna shi ba, ana auna shi ne da ƙarancin zance tsakaninsa da malami da kuma tsaurin tsarin darasi, ta yadda mai zaune kusa da jami'a zai iya fin na ƙauye nisa idan ba wanda ke amsa masa. Shi ya sa a ƙasashe da dama aka lura cewa masu yanke karatu a tsarin nesa sun fi na tsarin zama a makaranta yawa. Ba kasafai faɗuwa jarrabawa ke korar su ba. Ma'aikaci ne zai dawo gida bayan isha a gajiye, ya tarar babu wuta, wayar da zai karanta darasi a cikinta caji ya kusa ƙarewa, yaro kuma yana zazzaɓi, sai ya ce gobe. Goben ta zama mako, makon ya zama zango, kuma da yake babu wanda ya lura da rashinsa, babu ranar da zai ce a cikinta ya bar karatu, sai dai wata rana ya tuna cewa ya taɓa yin rajista.

Wata jami'a a Amurka, Western Governors University, wadda gwamnonin jihohi 19 suka kafa a 1997, ta kai 'yancin ɗalibi matuƙa. A can ba a ƙirga sa'o'in da mutum ya zauna, ana auna ƙwarewa ne, wato da zarar ɗalibi ya nuna ta jarrabawa ko ta aiki cewa ya iya abin da darasi ke nema, sai ya wuce zuwa na gaba, kuma kuɗin zangon wata shida ɗaya ne ko darasi nawa ya kammala a cikinsa. Ma'aikacin da ya daɗe yana aikin kwamfuta ba sai ya ɓata watanni a kan abin da hannunsa ya riga ya saba da shi ba. Duk da wannan sakin mara, jami'ar tana haɗa kowane ɗalibi da jagora guda wanda ke tuntuɓar sa a kai a kai tun daga shiga har zuwa gamawa, yana tambayar inda aka kwana da abin da ya tsaya. Waɗanda suka fi kowa ba ɗalibi 'yanci su ne kuma suka ga wajibcin sa masa ido.

Ga jami'o'in Nijeriya masu wannan tsari, da NOUN da cibiyoyin karatun nesa irin ta Jami'ar Ahmadu Bello, ma'aunin nasara bai kamata ya tsaya ga yawan waɗanda suka yi rajista ba, kamata ya yi a riƙa bayyana wa jama'a nawa ne daga cikinsu suka kai ga karɓar shaida, kuma cikin shekara nawa. Aikin gida da ake ba ɗalibi a tsakiyar zango, wanda ke ɗauke da wani kaso na makinsa, an ƙirƙiro shi ne domin ya zama zance tsakanin malami da ɗalibi. Idan ya koma tambayoyin zaɓi da kwamfuta ke makawa nan take, ɗalibi zai ga lamba amma ba zai san dalilin kuskurensa ba, kuma hakan ne ke buɗe ƙofa ga masu shagunan kwamfuta da ke karɓar kuɗi su amsa wa mutum, abin da ke zubar da mutuncin takardar waɗanda suka yi gumi da kansu. Haka nan littafi bugagge bai zama tsohon yayi ba a yankin da wuta ba ta tsayawa, kuɗin data kuma ke gasa da kuɗin cefane, kuma rediyo, wadda ta shiga kowane lungu na Arewa da kudancin Nijar, har yanzu ba a ci moriyarta wajen koyar da manya yadda ya kamata ba.

Akwai kuma batun kallon da ake yi wa takardar. An daɗe ana takaddama a kan matsayin ɗaliban NOUN game da hidimar ƙasa da shiga makarantar horar da lauyoyi, kuma gyaran da aka yi wa dokar jami'ar a 2018 ya nufi rage wannan bambanci. Mai niyyar shiga ya wajaba ya tabbatar da cewa Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da fannin da zai karanta a tsarin nesa, ya tambayi wanda zai riƙa duba aikinsa da hanyar samun sa, ya fara da darussa kaɗan a zangon farko har ya gane ƙarfinsa, ya kuma nemi mutum biyu ko uku a garinsu masu karatu irin nasa su sa ranar haɗuwa a mako. Su kuma ma'aikatu da ƙananan hukumomi, waɗanda ilimin ma'aikacin zai koma gare su, ba a nemi su ba shi hutun shekara huɗu da albashi ba. Abin da yake bukata daga gare su bai wuce a sassauta masa aikin dare a makonnin jarrabawa ba, a dakata da yi masa canjin wurin aiki a tsakiyar zango, sannan idan ya kawo takardarsa a lissafa ta wajen ƙarin girma kamar yadda ake lissafa ta wanda ya zauna a aji.