Ƙwallo Ba Ajiya Ba Ce

A watan Fabrairun 2023, makarantun sakandare biyu a jihar Oklahoma ta Amurka, Weatherford da Anadarko, suka kara a ƙwallon kwando, aka tashi 4 da 2. Maki shida kacal cikin minti 32! Na kalli bidiyon wasan raina a ɓace: 'yan Anadarko suna ta miƙa wa juna ƙwallo nesa da kwando, abokan karawarsu sun tsaya suna jira, lokaci na tafiya.

Ban ga laifin yaran ba, ko mai horar da su. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon a nan doka ce, wadda ba ta ƙayyade tsawon lokacin da ƙungiya za ta riƙe ƙwallo kafin ta jefa ba.

Maganin ba sabo ba ne. A 1950 Fort Wayne ta ci Minneapolis 19 da 18 da wannan dabara, har 'yan kallo suka yi ta ihun takaici. A 1954 gasar NBA ta kafa agogon jifa na daƙiƙa 24. Danny Biasone, mai ƙungiyar Syracuse, ya raba daƙiƙa 2,880 na wasa da jifa 120, lissafin ke nan. Gasar maza ta jami'o'i ta bi sahu a 1985. Amma sai a 2021 hukumar wasannin sakandare, NFHS, ta yarda jihohi su sa agogon daƙiƙa 35, shi ma ganin dama ne, ba tilas ba.

Masu adawa suna kukan kuɗi: agogo biyu da mai kula da su. Makarantar da ta iya sayen allon maki, ta ajiye mai duba lokaci, ba wannan ne zai durƙusar da ita ba.

Hujjarsu ta biyu ta fi nauyi, ba zan ɓoye ba. Sun ce riƙe ƙwallo shi ne makamin mai rauni. A 1954 ƙaramar makarantar Milan, mai ɗalibai 161, ta ci kofin jihar Indiana a kan Muncie Central 32 da 30, bayan Bobby Plump ya rungume ƙwallo fiye da minti huɗu. Labarin yana taɓa zuciya, ni ma ya taɓa tawa. To amma daƙiƙa 35 ba ta hana mai rauni sassauta wasa ba. Abin da ta hana shi ne ƙin yin wasan ɗungurungum. Kuma sakandare wurin koyo ne. Yaron da ya yi wata da watanni yana atisayen jifa, iyayensa suka biya kuɗin shiga, sai a ce masa nasara tana cikin kada ya jefa? Ya isa jami'a, agogon daƙiƙa 30 na jiransa, bai taɓa yanke shawara lokaci na ƙure masa ba.

Anadarko ma, bayan duk wannan riƙon, ita aka ci.